Kwas biyu sun ci karo a jadawali, ana iya canzawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan aji uku ne a jami'a, daga ƙauyenmu na wajen Jahun nake zuwa kullum don ban samu ɗaki a makaranta ba. Ina da kari-oba ɗaya ta aji biyu, wato kwas ɗin da na faɗi zan maimaita, jadawali ya fito an saka ta Talata ƙarfe 8 zuwa 10, daidai lokacin wani kwas namu na aji uku. Dan Allah ana iya canzawa, kuma wa zan samu?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Ana canzawa, amma fa a satin farko ko na biyu, in ka bari lakca ta kankama kowa ya saba da lokacinsa to sai dai haƙuri.

Abin da ɗalibai ba su gane ba, mai haɗa jadawali bai san da kai ba. Yana tsara shi ne don ɗalibin da ya ci komai, mai kari-oba ba ya cikin lissafi sam. Kuma ba daga sashenku yake farawa ba, kwasa-kwasan gama-gari da ake kira GST ake fara zaunarwa tunda kowa sai ya yi su kuma babban ɗakin lakca ne kawai ke ɗaukar jama'ar, sai kwasa-kwasan da sassa da yawa ke haɗuwa a kai irin lissafin aji ɗaya, abin da ya rage shi sashe ke rabawa. Ga ƙa'idar NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, yunit ɗaya awa ɗaya ce ta lakca duk sati har sati 15, in aikin lab ne awa uku, ɗalibi kuma yana ɗauke da yunit 15 zuwa 24 a kowane zangon karatu, ga Juma'a da ake tashi a tafi masallaci, ka ga wurin motsi kaɗan ne.

To kafin kwas ya matsa sai abu uku sun haɗu a awa ɗaya, malamin ba shi da wani aji, ɗakin babu kowa, ɗaliban duka ba su da wata lakcar. Shi ya sa kar ka nemi a taɓa na aji biyun, yawanci sun fi ku yawa, wataƙila ma wani sashen ne ke koyarwa. Naku na aji uku shi ne a hannun HOD ɗinku, wato shugaban sashenku.

Ka nemo duk masu wannan kari-oba, ba kai kaɗai ba ne wallahi, ku rubuta suna da lambar rajista a takarda ɗaya. Sannan ku zaga da ƙafa ku ga wane ɗaki ne ke zama a rufe, misali Laraba da yamma, wakilin aji ya je wa malamin da lokaci a hannu. Malami ya fi saurin amsa "Malam ga Laraba ƙarfe 2 ɗaki kaza ba kowa" a kan "Malam a taimaka mana". In ya yarda a kai wa kodinetan aji da jami'in jadawali su rubuta. Wannan na ƙarshen shi ake rainawa, a gama magana a WhatsApp kawai, ranar lakca a tarar da ajujuwa biyu tsaye a ƙofa ɗaya ana musu.

In abin ya ƙi, kari-oba ita ce gaba. Na aji ukun in na zaɓi ne ka ajiye shi kafin a rufe gyaran rajista ka ɗauki wani, don makarantu da yawa sai ka halarci kashi 75 na lakca za ka zauna jarrabawa, raba ƙafa ba zai kai ka ba. Jadawalin jarrabawa kuma daban ne, da an manna na gwaji ka duba, in sun sake karo ka kai wa jami'in jarrabawa a rubuce ran nan.

Maganar nisa kuwa, gaskiya ba a matsar da lakca saboda ita. Ka samu aboki a cikin gari ka riƙa kwana wajensa ran Litinin da dare, wayewar Talata, musamman da damina in hanya ta ɓaci.