Littattafan da suka amfane ni, da waɗanda suka ci mini kuɗi kawai

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga tambayarka, cewa ka gama karatu kana shirin fara 'yar sana'a, kana son a ba ka sunayen littattafan kasuwanci da na zaburarwa da na labari waɗanda suka cancanci mutum ya zauna musu. Da farko na so in jero maka sunaye ashirin in wuce abina. Sai na tuna haka aka yi mini shekarun baya, na je na kwaso guda tara rana ɗaya, har yau akwai huɗu a cikinsu da ban wuce shafi na talatin ba. Saboda haka waɗanda suka sauya wani abu a aikina kawai zan gaya maka, da inda suka taɓa ni.

Ni tela ne. Shekarata goma sha huɗu a kan keke, tara daga ciki ina zaman kaina. Na faɗa ne don ka san daga inda nake magana, ba daga ofis mai sanyi ba.

In littafi ɗaya tak za ka karanta, to ka nemi The E-Myth Revisited na Michael Gerber, wanda ya fito a 1995. Maganarsa ɗaya ce, amma ta yi mini zafi kamar da ni yake. Ya ce yawancin masu buɗe ƙaramar sana'a ba 'yan kasuwa ba ne, gwanayen aiki ne da suka gaji da maigida, suka ɗauka tunda sun iya aikin to sun iya tafiyar da kasuwancin aikin. Alhali abu biyu ne daban. Ya ce mutum uku ne ke zaune a jikin kowane mai sana'a: mai hangen gaba, da mai tsara al'amura, da mai aikin hannu, kuma mai aikin hannun ne yake danne sauran biyun. Lokacin da na karanta ina da yaran shago uku, amma ni ke awo, ni ke yanka, ni ke karɓar kafin alƙalami, ni ke zuwa sayen zare, ni ke ba mai kaya haƙuri in ba a gama ba. Awon mutane duk a kaina yake, ina taƙama da hakan ma. Sai zazzaɓi ya kwantar da ni kwana goma sha ɗaya. Da na dawo na tarar da kekuna uku a rufe da ƙyalle, yaran suna zaune suna kallon waya, yadin mutane a jibge ba wanda ya san na wa ne, domin babu wanda ya isa ya sa almakashi a yadi in ba ni ba. Ranar na gane ba kasuwanci nake da shi ba, aikin ƙwadago na ɗaukar wa kaina, kuma maigidan nawa ya fi na da tsanani. Abin da na yi bai taka kara ya karya ba: na sayi babban littafi, kowane mai kaya da shafinsa, da awonsa, da ɗan guntun yadinsa a maƙale, da ranar da aka yi masa alkawari. Na koya wa babban yaron yanka, na daure na kau da kai daga yadi biyu da ya ɓata. Yanzu ina iya tafiyar mako guda ba a neme ni ba sai don gaisuwa. Gargaɗi ɗaya: Gerber yana da maimaita magana, rabin littafin na ƙarshe za ka iya bin sa da gudu.

Na biyu shi ne The Richest Man in Babylon na George Clason, tsohon littafi tun 1926. Asalinsa 'yan ƙananan takardu ne da bankuna da kamfanonin inshora suke raba wa mutane a Amurka, daga baya aka haɗa su. Labarai ne na mutanen tsohon birnin Babila. Kowa Arkad yake ambata, attajirin birnin, mai cewa ka ware ɗaya cikin goma na duk abin da ka samu kafin ka taɓa sauran. Ni kuwa labarin Dabasir mai cinikin raƙuma ne ya fitar da ni, domin bashi ya yi mini katutu a lokacin. Shi Dabasir ya raba samunsa kashi goma: bakwai na gida, biyu na masu binsa bashi a raba musu daidai gwargwado, ɗaya na ajiya. Kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu gaskiyar abin da zai iya. Wannan zuwan shi ne mai wuya, ba lissafin ba. Na kwana uku ina juya yadda zan tsaya gaban mutumin da na yi wata biyar ina sauya hanya saboda shi. Da na je ya yi faɗansa ya gama, ya karɓi ɗan abin da na kawo, ya ce in dai zai riƙa ganin fuskata to ba komai. Turancin littafin na da ne, irin na tsofaffin littattafan addinin Kirista, shafuka goman farko za su ba ka wuya, daga nan kunne ya saba.

Na san za a ce maka Rich Dad Poor Dad na Robert Kiyosaki, na 1997. Karanta shi, amma da ido biyu. Abu guda mai kyau na ɗauka a ciki: kadara ita ce abin da ke sa kuɗi a aljihunka, abin da ke zare su kuwa nauyi ne ko da yana ƙyalli. Wannan ya hana ni sayen mota a shekarar da na fara ganin riba, na ƙara keken surfani maimakonta. Sauran kuwa, yawancinsa a kan dokokin harajin Amurka da sayen gidaje da bashin banki aka gina shi, ga kuma ruwan da ke kan bashin, wanda ni ba na shiga. Abin da ya fi damuna da littafin shi ne yadda yake sa yaro ya raina mai albashi. Na ga wanda ya ajiye aikinsa bayan ya karanta shi, ba jari ba sana'a, sai baki.

The Psychology of Money na Morgan Housel, na 2020, ya fi shi natsuwa nesa ba kusa ba. A farkonsa akwai labarin Ronald Read, wani Ba'amurke da ya yi rayuwarsa yana aiki a gidan mai da sharar kanti, ya rasu a 2014 yana da shekara 92, aka tarar ya bar sama da dala miliyan 8, mafi yawa ya yi wasiyyarsu ga asibiti da ɗakin karatun garinsu. Ba gado ba ne, ba caca ba, ajiya ce da sayen hannun jari da haƙurin shekaru. Babobinsa gajeru ne, kowanne ka gama shi a zama ɗaya.

In kuma kana son ganin yadda kasuwanci yake ta ciki, ba yadda ake ba da labarinsa bayan an yi nasara ba, nemi Shoe Dog na Phil Knight, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Nike. Da dala 50 da ya karɓa wurin mahaifinsa ya yi odar takalman gwaji daga Japan, ya riƙa sayar da takalma daga bayan motarsa a filayen tsere, da rana kuma yana aikin akanta. Darasin da na samu a nan shi ne ciniki na iya ninkawa kowace shekara amma aljihu wayam, har banki ya juya maka baya. Wanda bai taɓa ganin aiki ya cika masa tebur ba alhali ba shi da kuɗin zare, zai ɗauka ƙari ne.

Yanzu na zaburarwa. A nan ba ni da daɗin baki. Na karanta sun fi goma sha biyar, kuma in ka cire sunayen da ke bango, da yawansu littafi ɗaya ne. Wutar kara ce: ka rufe littafin kana jin za ka ɗaga dutse, bayan kwana uku ka koma yadda kake, sai ka nemi wani. Musamman irin waɗanda ke cewa ka ƙudurta abu a ranka kawai duniya za ta kawo maka shi, kamar The Secret. Ban da ɓata lokaci, akwai zalunci a ciki, domin ma'anarsa duk wanda ke cikin wahala tunaninsa ne ya jawo masa.

Uku na bari a kan kantata. Atomic Habits na James Clear, 2018, domin bai ce ka ji ƙarfi a ranka ba, cewa ya yi ka ƙanƙanta abin har ya zama ba ya ɗaukar fiye da minti biyu, ka kuma ajiye shi inda ido zai gani. Da wannan na koyi rubuta cinikin rana: littafin lissafi da biro suna kan kwaɗon ƙofa, ba na iya rufe ƙofa sai na ɗaga su. Sai How to Win Friends and Influence People na Dale Carnegie, tun 1936. Sunan kamar na yaudara, cikinsa kuwa ladabi ne zalla: ka riƙe sunan mutum, ka bar shi ya gama maganarsa, in ka yi kuskure ka riga shi faɗa. Iyayenmu sun gaya mana duk wannan kyauta, amma da yake mun biya kuɗi mun fi ji. Na ukun ba na jin daɗin sa shi a wannan layi, don ya fi ƙarfinsu: Man's Search for Meaning na Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Ostiriya da ya tsira daga sansanonin 'yan Nazi, inda ya rasa iyayensa da ɗan'uwansa da matarsa. Ya fito a 1946. Kada ka karanta shi don neman kuɗi. Ajiye shi sai ranar da wani abu ya karye maka.

Na lura ka sa littattafan labari a ƙarshen tambayarka, kamar abin hutu in an gama mai muhimmanci. Ni a wurina su ne suka fi koya mini mutane, kuma ciniki ai mutane ne. Koma wa Magana Jari Ce na Abubakar Imam, duka ukun, ko da ka karanta a makaranta. Da muna yara dariya kawai muke sha. Da na sake buɗe shi ina da shekara talatin da wani abu, sai na ga aku yana yin abin da nake fama in koya: yana riƙe Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labari dare bayan dare, bai taɓa ce masa "ba za ka fita ba", amma bai fita ɗin ba. Duk wanda zai zauna da fusataccen mai kaya ya kamata ya kalli yadda tsuntsun nan yake sarrafa harshe. Ruwan Bagaja kuma, ka bi Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suna rama wa juna tsiya gari gari, za ka gane fuskokinsu a cikin mutanen da za ka yi hulɗa da su.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai abin hannunsa, amma gidansa ba ya gani a ƙasa. Ya ƙara aure, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta tara, ita kuma ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Daga baya gobara ta cinye masa dukiya. Kowa hukuncin Alhaji Abdu yake kallo, ni Rabi nake kallo: macen da ba ta da jari, ba ta karanta Kiyosaki ba, ta tashi da abin da hannunta ya iya. Ƙarshen labarin bai yi mini daɗi ba, kuma ina jin marubuciyar da gangan ta bar shi haka, ba zan ɓata maka ba. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina shi kuma yana nuna maka kuɗin fasa-ƙwauri da irin mutanen da yake tarawa a ƙofar gida. Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtua ya yi wa littafin George Orwell, ka karanta shi kafin ka shiga haɗin gwiwa da kowa, ka ga yadda ake gyara doka da dare.

Na Turanci, fara da The Old Man and the Sea na Hemingway, 1952. Siriri ne, Turancinsa a miƙe. Tsohon masunci ya yi kwana 84 bai kama ko kifi ɗaya ba, ya kuma fita a rana ta gaba. So Long a Letter na Mariama Bâ 'yar Senegal shi ma gajere ne, wasiƙa ce daga wata mata mai takaba zuwa ga ƙawarta. Ƙanwata ta ara tun bara ba ta dawo da shi ba. Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya ci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2016, rubutu ne mai kyau ƙwarai, sai dai akwai wuraren da ba na yara ba, kada ka bar shi a falo.

Da ni ne kai, Clason zan fara ɗauka, tare da Magana Jari Ce na dare. In na gama sai Gerber, amma ba zan buɗe shi ba sai na yi kamar wata uku da fara sana'ar, domin kafin nan maganarsa ba za ta kama ka ba, za ka ce ai wannan kowa ya sani. Ka riƙa karatu da fensir a hannu, a bangon ƙarshe ka rubuta abu ɗaya da za ka gwada a makon nan. Ba ka faɗi sana'ar da za ka shiga ba. In ta saye da sayarwa ce ba ta aikin hannu ba, gaya mini, don jerin zai ɗan sauya, Shoe Dog zai hau gaba Gerber ya koma baya.