Rufin sito: kafintan unguwa ko mai araha?

Wani ɗan kasuwa daga kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano ya turo min tambaya, yace ya gama ginin siton da zai riƙa ajiye masara da wake, saura rufi, kuma kafinta biyu sun bashi lissafi. Na unguwarsu kuɗinsa ya fi yawa, ɗayan kuma a waya aka haɗa su, yace a bashi jinga gaba ɗaya har da kayan aiki, ya yi masa ragi mai tsoka. Wanne zai ɗauka, kuma wane kwano zai sa?

Toh Alhaji, ni dai wannan ragin shi ya fara bani tsoro, domin kwano da katako da ƙusa farashin kowannensu kusan ɗaya ne a kasuwa ko waye ya je saye, in mutum ya rage maka sosai to a jikin kayan zai fanshe, ko ya sa kwano mara kauri ko ya buɗa tazarar katako, kai kuma kana ƙasa ba ka gani sai ranar da hadari ya haɗo. Ka raba kuɗin kaya da kuɗin aiki. Kowannensu ya rubuto maka bandir nawa, katako 2 by 4 da 2 by 2 guda nawa, ƙusa nawa, sai ka ɗauki takardar ka shiga kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa da ƙafarka ka taya shago uku. Bandir ɗin kwano falle 20 ne, ka tsaya a ƙirga a gabanka.

Maganar kwano kuwa, mu a nan arewa tsatsa ba ita ce babbar matsalarmu ba, wannan ta mutanen Legas da Fatakwal ce masu laima da iskar teku. Mu iskar farkon damina ce ke mana ɓarna, Mayu zuwa Yuni, wadda take zuwa da ƙura kafin ruwa ta ɗaga rufi ɗungurungum ta ajiye a gidan maƙwabci, sai kuma zafin Maris da Afrilu da yake wuce digiri 40. In aljihu zai ɗauka ka sa alminiyam dogo, mai kaurin milimita 0.55 in da hali, kar dai ka sauka ƙasa da 0.45, kuma kace a auna maka kaurin a wurin don abin da ake faɗa da baki ba kullum yake zama shi ba. Mara kaurin nan tun daga bakin ƙusa yake fara yagewa. Kwanon nan mai tsakuwa da ake yayi a gidaje ka bar shi, ado ne, buhun wake ba ruwansa da ado.

Amma wallahi ko kwanon zinare ka saya in ba a ɗaure katakon da ginin ba aikin banza ne. A fito da rodi daga cikin kankaren saman bango a lanƙwasa shi a kan katako, a shafe katakon da maganin gara ko baƙin mai kafin a hau da shi. In za ka ɗaga bango ya ɓoye kwanon yana tare iska sosai, sai dai indararon ya zama mai faɗi kuma a riƙa share ƙurar hunturu kafin ruwan fari, in ya toshe a Agusta cikin siton ruwan zai dawo, kaga masara ta fara tsiro a buhu. A bar ƴan tagogi a sama masu raga don zafi ya riƙa fita.

Ni na unguwar zan ɗauka, ba don ya fi iyawa ba, don ka san ƙofar gidansa kuma kuna haɗuwa a masallaci. Kace ya nuna maka rufi biyu da ya yi waɗanda suka ci damina uku, ka je ka tambayi masu su shi baya wurin. Ku rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, kafin alƙalami kar ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin aiki, a ƙara masa in katako ya hau, sannan ka riƙe kashi 10 cikin 100 sai an yi ruwa mai ƙarfi sau biyu ka shiga da tocila ka duba sama. Ka faɗa masa wannan tun kafin ya hau tsani, kar sai ya sauko ku fara cacar baki.