Tambayi Injiniya: Tsofaffin gine-ginen garinmu na zubewa, in ajiye aiki in koma gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Injiniya, ya aiki ya ƙoƙari. Ni dai ban daɗe da gama karatun injiniyan gini ba, shekarata biyu kenan ina aiki da wani kamfani mai yin hanyoyi da gadoji, alhamdulillahi ba laifi, amma wallahi duk sanda na je gida hutu sai raina ya ɓaci, tsofaffin gine-ginen da muka taso muka gani kullum sai ka tarar an rushe ɗaya an dasa shaguna, wanda ba a rushe ba kuma ya tsattsage yana jiran damina ta ƙarasa shi. Abokaina na ce min wai wannan aikin masu tarihi ne ba na injiniya ba, kuma babu ko sisi a ciki. Dan Allah in ajiye aikina in koma gida in rungumi harkar nan, ko dai zumuɗin ƙuruciya ne ke ɗibata?
Daga wani matashin injiniya

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗana. Kar ka ajiye aikin nan tukuna, shekara biyu ai ko warin makaranta bai gama sakinka ba. Abokanka kuma sun yi gaskiya a rabi, kuɗi kam ba ya gudu a wannan layi, amma cewa ba aikin injiniya ba ne wannan sun faɗi son ransu. Mai tarihi zai gaya maka wa ya gina da yaushe, to in bango ya fara kumbura yana neman faɗowa kan mutane wa za a kira?

Ka ɗauki hasumiyar Pisa ta Italiya, wadda aka fara ginawa a 1173 kuma tun ana cikin ginin ta fara karkata saboda ƙasar da ke ƙarƙashinta mai laushi ce. A 1934 aka huda harsashin aka ɗura masa siminti wai don a ƙarfafa shi, sai ta ƙara karkacewa. A 1990 dole aka rufe ta don ana tsoron ta kife. Cikin waɗanda suka cece ta akwai Farfesa John Burland na Imperial College da ke Landan, kuma shi masanin ƙasar da ake ɗora gini a kai ne, irin ilimin da kake sha yanzu a wajen gadoji. Da farko dalma suka jibga tan ɗari shida a ɓangaren da ya ɗaga, daga baya suka koma zaro ƙasa kaɗan-kaɗan daga ƙarƙashin wannan ɓangaren da siraran bututu har hasumiyar ta dawo baya da sama da santimita 40, aka sake buɗe ta a Disambar 2001. Ka lura fa ba su miƙar da ita ba, da gangan suka bar ta a karkace, don in ta miƙe ai ta tashi daga Pisa ta zama wata hasumiya kawai. Sama da shekara goma sha ɗaya tana rufe, kuma yawancinsu a awo da sa ido suka tafi.

Wannan haƙurin shi ne abin da ba a koya mana a jami'a ba. An koya mana kankare da rodi, an koya mana in abu ya yi rauni ka ƙara masa ƙarfi, to tsohon gini ba ya son a fi shi ƙarfi. Injiniya ne ɗan'uwanmu, Nikolaos Balanos, ya gyara Parthenon, tsohon gidan bauta na dutse da ke birnin Atina na Girka, a farkon ƙarni na 20, da kyakkyawar niyya ya ɗaure duwatsun da ƙarfe, amma bai lulluɓe ƙarfen da dalma yadda magina na farko suka yi ba, ruwa ya shiga, ƙarfe ya yi tsatsa ya kumbura ya dinga fasa dutsen daga ciki. Tun 1975 da aka kafa kwamitin gyara ake fama ana cire ƙarafunansa ana sa titaniyom wanda ba ya tsatsa. Kaga ɓarnar mai ilimi ta fi ta ruwan sama wuyar gyara.

Ni kaina na taɓa yi, ba zan ɓoye maka ba. Ina sabon injiniya aka kira ni wani tsohon gida, na zo da kwalkwali a kai ina ji da kaina, wani dattijon magini yana gefe yana cewa a fara duba inda ruwa ke bi, ban ko kalle shi ba na sa aka yi wa bangon fulasta da siminti sumul. Damina uku aka yi, fulastar ta ɓallo faifai guda ta taho da rabin bangon. Har yau in na tuna kallon da dattijon nan ya yi min kunya nake ji.

To abin da zan ce ka yi, ka riƙe albashinka, ka mai da hutunka na wannan aiki. Ka sayi littafi da tef na awo, wayarka ta isa hoto. Ka bi gine-ginen ɗaya bayan ɗaya ka auna, ka zana, ka rubuta da me aka yi su, ina tsaga take, ina danshi yake, wa ke da gidan, su wa ke rigimar gado a kansa don sau da yawa ita ce ke kashe gida ba tsufa ba. In ka ga tsaga kar ka cike ta, ka manna ɗan siririn gilashi a kanta ka rubuta kwanan wata, in ka dawo ya fashe to tsagar na da rai, in yana nan lafiya ƙila ta shekara hamsin a haka ba ta cutar da kowa ba. Kuma ka nemi tsofaffin maginan garin ka zauna gabansu kamar almajiri tun suna raye.

Kar ka raina wannan rubuce-rubucen. Cocin Frauenkirche na Dresden a Jamus ya ruguje a Fabrairun 1945 bayan ruwan bama-bamai, ya zauna tarin duwatsu kusan shekara hamsin, da aka tashi sake gina shi sai da aka bi duwatsun ɗaya-ɗaya aka sa musu lamba aka auna, aka koma kan tsofaffin zane da hotuna don gano mazaunin kowanne, dubbai daga ciki suka koma jikin ginin, shi ya sa in ka ga hotonsa za ka ga baƙaƙen duwatsu jefi-jefi cikin farare. Wanda ya jagoranci aikin, Eberhard Burger, injiniyan gini ne kamarka da ya yi karatu a birnin, an gama a 2005.

In ka yi shekara uku ko huɗu a haka kuma zuciyar ba ta huce ba, sai ka nemi ƙarin karatu. Akwai cibiyar ICCROM a birnin Rum da ke horar da masu wannan aiki, akwai cibiyar CRAterre a Grenoble ta Faransa su kuma ginin ƙasa suka sa a gaba tun 1979. Ka nemi Yarjejeniyar Benis ta 1964 kan gyaran tsofaffin gine-gine ka karanta, 'yar gajeriya ce, a ciki aka ce gyara ya tsaya inda zato ya fara, wato abin da ba ka da hujjarsa kar ka ƙirƙiro ka liƙa wa gini. Lokacin ne za mu yi maganar ajiye aiki, kana da littafin awo a hannu da za ka nuna wa hukuma ko mai ba da tallafi, ba ɓacin rai kawai ba.

TAMBAYA: Injiniya barka da war haka. Gidan kakanmu ne na ƙasa, ƙasan bangon yana ta zaizayewa, yayyena maza sun ce a shafe shi da siminti a huta, ni kuma hankalina bai kwanta ba, me ka gani?
Daga wata mai karatu

AMSA: 'Yar'uwa hankalinki ya fi nasu, ki karanta musu labarin kunyata da ke sama. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, siminti kuma toshe shi yake, ruwan da ya taso daga ƙasa ya rasa hanyar fita sai ya zauna a ciki yana jiƙa bangon, daga waje kina ganin gida fes alhali ciki ya zama taɓo. Zaizayar ƙasan bango kusan kullum ruwa ne, ko indararo ya karye yana zuba a gindin gini, ko an yi ta ciko a waje har titi ya fi gidan tudu, ko wata kwata ko famfo na yoyo kusa. A gyara wannan tukun, a karkatar da ruwa nesa da bango, sannan a cike inda ya cinye da irin ƙasar da aka gina shi da ita a yi yaɓe. Eh za a dinga sabunta yaɓen, haka abin yake, babban masallacin Jenne na Mali tun 1907 yake tsaye kuma da yaɓen da mutanen garin ke yi masa duk shekara yake rayuwa. Amma in kin ga bangon ya fara rabuwa da ɗan'uwansa a kusurwa, ko ƙofa ta daina rufuwa haka kawai, to kar a kwana a ɗakin, a tokare shi a kira wanda zai zo ya gani da idonsa.