Karatun fim da ɗaukar hoto: wace makaranta zan zaɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kammala digirin farko a aikin jarida, ina son digiri na biyu a shirya fim da ɗaukar hoto. Wata makaranta a Amurka ta ba ni gurbi, amma sai na ci bashin banki zan iya biya. Mahaifina kuma ya ce masu hoto ne za su fi shan azaba ranar ƙiyama. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, maganar mahaifinka tana da tushe, kada ka ɗauke ta da wasa. Hadisin ya tabbata a Buhari da Muslim daga Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah Ya yarda da shi. Abin da malamai suka tattauna shi ne wane irin hoto ake nufi.

A mazhabarmu ta Malikiyya, abin da aka haramta shi ne mutum-mutumin abu mai rai wanda yake da inuwa kuma gaɓoɓinsa suka cika. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ko bango bai kai haram ba. Da kyamara ta zo, Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, muftin Masar da ya rasu a 1935, ya ce hotonta riƙe inuwa ne kamar yadda madubi ke yi, babu kishiyantar halittar Allah a ciki. Shaihu Ibn Baz da Shaihu Albani sun hana sai da lalura, irin ta fasfo. Ni na rinjayar da halasci, domin mai kyamara bai ƙaga surar kowa ba. Hukuncin sai ya koma kan abin da aka ɗauka da kuma dalilin ɗaukarsa.

To a nan ne zaɓen makaranta ya zama maganar addini. Kafin ka amsa gurbin kowace, ka nemi jerin darussanta a rubuce. Wasu makarantun zane da hoto a Turai da Amurka suna da darasin da ake tsayar da mutum tsirara a gaban ɗalibai. Idan wajibi ne a kwas ɗin, bai halatta ka shiga ba. Ka kuma tambaya ko ɗalibi yana da ikon ƙin yin aiki a fim ɗin abokin karatunsa, domin a irin wannan karatu yau kai ne darakta, gobe kai ne mai riƙe wa wani kyamara, kuma ba kai ka rubuta labarinsa ba. Ɓangaren fim ɗin gaskiya, wato dokumentari, ya fi kuɓuta daga wannan, kuma ya dace da aikin jaridar da ka karanta. Ina jin takaicin yadda tsofaffin malamanmu da masu sana'o'in hannu suke rasuwa ba wanda ya naɗi iliminsu.

Sai bashin. Idan da ruwa a kansa, riba ce, kuma aya ta 275 a Suratul Baƙara ba ta bar ƙofa ba. Digiri na biyu a fim ba lalura ba ce da za ta halatta haram. Idan sun ba ka tallafin da ba a biya, ko aikin koyarwa da zai ɗauke kuɗin makaranta, ka tafi, matuƙar za ka iya tsayar da sallarka. In ba haka ba, ka duba gida: akwai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a Jos wadda ke aiki da Jami'ar Jos, akwai tsangayar sadarwa a Jami'ar Bayero ta Kano. Su ma ka bincika kayan aikinsu da darussansu kamar yadda za ka bincika na waje.

Mahaifinka kuwa, ka kai masa wannan bayani cikin ladabi, ko ka je da malamin da yake girmamawa. Wannan karatu ba farilla ba ne a kanka, saboda haka kada ka yi tafiyar sai da yardarsa. Ka yi istihara kafin ka biya ko sisi. Wallahu a'alam.