Tambaya da Amsa: Bitil ɗin Babanmu, ta ina zan fara gyaranta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa malamin makaranta ne, ya bar mana wata Volkswagen Bitil fara da ya saya sabuwa tun zamanin Udoji, ta daɗe a kafe a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya tayoyin duk sun sace, da aka zo rabon gado ba wanda ya kula ta sai ni. Burina in mayar da ita yadda take ranar da ya ɗauko ta. Falbita ya ce in kawo kuɗin fila da fenti sati biyu ya gama min, bakanike kuma ya ce injin ya tsufa gara a cire a dasa mata na Japan mai lagireto. Kuɗina ba yawa Malam, ta ina zan fara?
Mai karatu daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan Malam ya kai haske kabarinsa, kai kuma Allah ya yi maka albarka da ba ka bari an kai ta an auna a sikelin 'yan gwangwan ba.

Da falbita da bakanike duk ka ce su dakata tukuna. Fenti shi ne aikin ƙarshe, injin kuma kar ka yarda a taɓa shi da sunan canji, in aka dasa mata injin Japan sai an yanka bodi an nemi wajen rataya lagireto an ja bututun ruwa, daga ranar ta tashi daga motar Babanku, kuma kai da bakinka ka ce yadda take kake so. Motar nan in dai a wancan lokacin aka saye ta sabuwa toh akwai yiwuwar haɗin Legas ce, dan a 1975 kamfanin Volkswagen ya fara haɗa motoci a Ojo kan hanyar Badagry, shekarar da Fijo suka fara nasu a Kaduna, shekarar ce kuma ma'aikatan gwamnati suka karɓi ariyas ɗin ƙarin albashi na Udoji, shi ya sa ka ga malamai da akawuna da yawa na wancan zamani Bitil ce motarsu ta farko. Irinta sun yi ƙaranci yanzu sosai, wadda take da injinta na asali ma ta fi ƙaranci.

Abin da za ka fara yi ba ya cin ko sisi. Ɗaga kujerar baya. A nan batir yake zama, a gefen dama, kuma ruwan batir da ya yi shekaru yana ɗiga shi ke fara cinye ƙarfen daɓen wajen, sa sukundireba ka dinga dannawa da ƙarfi, in ya huda ka san akwai aikin walda. A ƙarƙashin kujerar nan dai, a kan doron ƙarfen da ya ratsa tsakiyar motar, an buga lambar casis, goge ta da tsumma ka gwada da wadda ke cikin fatikulan Babanku, lambar inji kuma tana baya a ƙasan ƙafar da ta riƙe dainamo. Ka ɗau hotonsu a waya. Daga nan ka cire tabarmar ƙasa gaba ɗaya ka duba daɓen, ka bi dogon ƙarfen da ke ƙasan ƙofofi hagu da dama, shi ne ƙarfin bodin kuma ta nan aka ɗaure shi da casis da kusoshi, sai ka leƙa gaba inda safaya take zama, ka leƙa bayan madigadi. Motar da ta zauna ƙarƙashin bishiya ganye yana taruwa a lunguna ya riƙe ruwan damina, tsatsa ta nan take fara ci. Mu nan arewa muna da sa'a iskarmu busasshiya ce, galibi sai ka tarar ɓarnar ba ta kai ta motocin kudu ba, amma duk inda ya ruɓe sai an yanke an sa sabon ƙarfe an yi walda. Fila a kan tsatsa asarar kuɗi ce, damina ɗaya biyu za ka ga fentin ya kumbura yana ɓamɓarewa.

Sai inji. Dan Allah kar ka sa batir ka murɗa makulli dan ka ji ko za ta tashi, wannan zumuɗin ya kashe injina da yawa. A kwance fulogi huɗun a ɗiga baƙin mai kaɗan a kowane rami a bar shi ya kwana biyu, sannan a sa sifana a kan fuli a juya injin da hannu a hankali. In ya juya alhamdulillahi rabin damuwarka ta tafi. Sai ka kama fulin ƙasa da hannu biyu ka ja shi ka tura shi, in ka ji yana motsi har da ƙara ƙwas ƙwas toh karanshaf ya yi wasa, injin na son a sauke shi a buɗe. Ko hakan ma ba abin tashin hankali ba ne, kusoshi huɗu ne suka riƙe shi da giya, kuma silindojinsa ɗaiɗai suke ana sayen su tare da fistin da ringi a canza, babu zancen kai buloki a yi wa silinda boring yadda ake wa sauran motoci. A zubar da tsohon baƙin mai, lita biyu da rabi kawai take sha, kuma ba ta da filtar mai irin ta motocin yanzu, wata 'yar rariya ce a ƙasan injin da noti shida, a wanke ta da fetur a mayar da sabon gasket. Tankin fetur yana gaba ƙarƙashin bonet, a cire shi a wanke, tsohon fetur ya riga ya zama danƙo, kafireton ma a wanke shi, Solex ne kar a jefar.

Kafin ta taka titi sai an yi birki, duka ƙafa huɗu, da robobin ciki da tiyon man birki, dan tiyon yana kumbura ta ciki ba ka gani daga waje. Tayoyi kuma ko da ka ga zanensu bai cinye ba sun mutu, rim 15 take ɗauka, 165 R15 ta dace da ita.

Abu ɗaya da nake roƙonka, kar ka jefar da komai. Sitiyari, agogon dashbod, hannun ƙofa, bamba, murfin taya mai tambarin VW, ko da sun yi baƙi, a goge su a gyara, na yanzu da ake kawowa ba su kai su kauri ba. Duk abin da aka kwance ka sa a leda ka rubuta sunansa, ka tafi da shi gida, dan kayan da aka bari a gareji wata shida ba lallai ka same su cikakku ba. Lokacin fenti in ya zo ka cire murfin cikin ƙofa ko ka leƙa ƙarƙashin dashbod inda rana ba ta taɓa kaiwa, asalin launin motar na nan, shi za ka nuna wa mai haɗa fenti, dan fari ma iri iri ne. Kuma ka nemi tsohon bakaniken da ya yi zamani da Bitil, har yanzu akwai su a garuruwanmu, wasu sun daina aiki amma in ka je da ladabi ka ce motar mahaifinka ce za su taso. Da ɗan kuɗinka bi da bi, wannan watan birki, wani watan walda, sannu ba ta hana zuwa.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Maigidana yana da Bitil da ya gyara bara, yana ji da ita sosai, amma in muka yi 'yar tafiya sai injin ya ɗau zafi har ƙarfinta ya ragu, kuma ina yawan jin warin fetur daga baya. Bakanikensa ya cire wasu ƙarafuna da suka rufe injin wai dan ya sha iska. Ni dai hankalina bai kwanta ba saboda da yara muke shiga.
Wata uwargida daga Kaduna

AMSA: Hajiya kin yi daidai da hankalinki bai kwanta ba, kuma ki gaya wa maigida a ajiye motar nan yau ba gobe ba har sai an gano inda fetur ɗin ke fita. Bitil da yawa wuta ce ta cinye su, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne, tsohon tiyon fetur ya tsage, ko ɗan bututun da ke shiga kafireto ya zare, man ya zubo kan distributa da injin mai zafi. A canza tiyon gaba ɗaya tun daga tanki, a ɗaure kowane baki da kilif, filtar fetur ta roba kuma kar a rataye ta a saman injin tana lilo. Tunda yara na zama a baya a duba batir ma, dole ya kasance da murfi a kansa, in babu, waya da sifirin ɗin ƙarƙashin kujera na iya taɓa kan batir in an zauna, ita ma hanyar gobara ce. Ku ajiye abin kashe wuta a cikin motar inda hannu zai kai.

Zancen zafi kuwa, cire ƙarafunan nan shi ya jawo shi. Injin Bitil ba ya amfani da ruwa, fanka ce a cikin wani gida na ƙarfe take zuƙo iska ta ramukan da ke ƙasan gilashin baya, ta tura ta kan silindoji da abin sanyaya mai, iskar mai zafi ta fita ta ƙasa. Waɗannan faifan ƙarfen su ke nuna wa iskar hanya, su da robar da ta zagaye injin su ke raba sama da ƙasa, in aka cire su fankar sai ta dinga zuƙo zafin salansa tana mayarwa kan injin, kin ga an yi ba a yi ba. A nemo su a mayar duka har da robar. Sannan a saita bawul injin na sanyi, tazarar milimita 0.15, dan bawul in ya matse yana ƙonewa, musamman na silinda ta uku da ta fi sauran ɗaukar zafi a tsofaffin injinan, a duba taimin shi ma. Fambel kuma shi ke juya dainamo da fankar a tare, saboda haka in jar fitilar caji ta kama ana cikin tafiya a tsaya nan take a buɗe baya, in bel ɗin ne ya tsinke fanka ta tsaya kenan, 'yan mintoci kaɗan sun isa injin ya tashi aiki. Kullum a bar sabon fambel a motar.

Da zafin Maris da Afrilu irin namu ni ina ganin a dinga canza baƙin mai duk kilomita 5,000 ko ma ƙasa da haka, a sa mai kauri irin 20W-50. In tana da tukunyar iskarta ta asali mai baƙin mai a ciki a bar mata abinta, tana kama ƙurar hunturu sosai, wankewa kawai take so akai akai.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, kayan gyaran Bitil fa, ana samu kuwa? Kuma in na gyara na sayar zan ci riba?
Mai karatu daga Maraɗi

AMSA: Ana samu Alhaji, dan mota ce da aka ƙera sama da miliyan 21, Jamus ta daina yin mai rufin ƙarfe a 1978, Brazil ta tsaya a 1986 ta dawo a 1993 ta yi har 1996, ta ƙarshe kuma a Puebla ta ƙasar Meziko ta fito a watan Yulin 2003, har yau akwai kamfanonin da ke buga sabbin kayanta. Ka fara da Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, in ba a dace ba sai Ladipo a Legas, ƙananan abubuwa irin su gasket da kwantak da robobin gilashi kuma ana yin odarsu ta intanet, sai dai canjin dala zai ɗan ciza. Ka tafi da tsohon kayan a hannunka ka gwada, dan ƙirar Jamus da ta Brazil ba komai ne yake shiga na juna ba, kuma waɗanda suka girmi 1967 galibi wutarsu bolt 6 ce ba 12 ba. In ka ci karo da matacciyar Bitil ko Igala (wata ƙirar Volkswagen da aka haɗa a Legas) a bayan wani gareji da araha ka taya, Igala ita ma injinta na iska ne a baya, akwai abin da za ka tsinta a jikinta.

Riba kuwa gaskiya kar ka sa rai. In ka haɗa kuɗin walda da inji da kushin da wayarin da fenti, da wuya mai saye ya biya ka abin da ka kashe, masu neman irinta a wajenmu ba su da yawa kuma sai ka yi jira. In dai dan kasuwa ne ka nemi wadda bodinta ke da lafiya ka gyara inji da birki kawai ka sayar haka, mai sha'awa ya ƙarasa sauran da kansa.