Amsa kan allurar baya da maganin barci a tiyatar haihuwa

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na saurari saƙon da kika aiko, inda kika ce an sanya miki ranar tiyatar haihuwa, kuma kin fi son a sa ki barci gaba ɗaya saboda tsoron allurar baya. Fargabarki ba abin mamaki ba ce, amma ina roƙonki ki ji bayanina kafin ki tsai da magana.

Idan babu gaggawa, allurar baya ce likitoci suka fi zaɓa. Za a zaunar da ke a gefen gado, ki sunkuyar da kai ki lanƙwasa baya, sannan a shigar da siririyar allura a can ƙasa, a wurin da laka ba ta kai ba, wanda shi ya sa shanyewar ƙafafu da ake yawan faɗa ba kasafai take faruwa ba ko kaɗan. Cikin 'yan mintuna za ki ji ɗumi ya sauka ƙafafunki sun yi nauyi, kuma ba za a fara aiki ba sai an goga miki wani abu mai sanyi daga mara zuwa ƙirji an tabbatar maganin ya kama. Za ki ji ana ja ana dannawa, musamman wajen fito da jaririn, amma ba za ki ji zafin yanka ba. Idan kuwa kin ji, ki faɗa nan take. Abin da na fi so a wannan hanya shi ne kukan farko na jaririnki zai shiga kunnenki idonki biyu.

Gaskiya ne awon jini yakan faɗi, a ji tashin zuciya ko rawar ɗari, don haka ake ɗaura ƙarin ruwa ana kuma auna jinin a kai a kai. Wasu kaɗan suna samun ciwon kai mai tsananta idan an tashi zaune, ya lafa idan an kwanta, kuma yana da magani.

Efidural kuwa, wani nau'in allurar baya, siririn bututu ne da ake bari a baya, galibi ga mai naƙuda, sai a ƙara magani ta cikinsa idan tiyata ta taso.

Barci gaba ɗaya yana da muhallinsa: gaggawar da ba ta jira, zubar jini mai yawa, matsalar daskarewar jini, ko allurar da ta ƙi kamawa. Sai dai sanya bututun numfashi a maƙogwaron mai ciki ya fi wuya, abin da ke cikin tumbi yana iya kwarara zuwa huhu, kuma maganin yakan isa ga jariri ya fito da kasala.

Saboda gudun kwararar abin da ke cikin tumbi zuwa huhu, za a hana ki abinci na awa 6 kafin aiki. Idan kika gana da likitan da zai yi allurar, ki nuna masa duk maganin da kike sha, musamman na tsinka jini, domin lokacin da kika sha na ƙarshe yana iya sauya hanyar da zai bi.