Ga mai tambaya kan ofishin walwala na asibiti

'Yar uwa, da na ga kin ce an sallamo mahaifiyarki da shanyewar ɓarin jiki, an ce ki ga ma'aikaciyar walwala, kina tambaya ko za ta yi miki amfani tunda jinyar ta koma gida, sai da na ajiye wayar. Abin da ya same ni ke nan da Inna, a unguwar Ƙofar Marusa, cikin Katsina.

Ki je. Mu da farko ba mu je ba, don yayanmu ya ce ba za a gan mu muna maula ba. Shi da sai Juma'a yake leƙowa, ya tsaya bakin ƙofa da ledar lemo, ya ce sannu Inna, ya juya! Ko sau ɗaya bai taɓa ɗaga ta ba. Ni ce wanka, ni ce robar fitsari, ga goyo. Wani dare ana zafi, babu wuta, na juya ta na haska da waya, sai ga gyambo a ƙugunta kamar murfin kofi, zane ya manne. Ba ta iya magana, hawaye kawai. Na kira shi, ya ce in bari sai da safe. Na yafe, amma ban manta ba.

Ma'aikaciyar ba ta allura, ba ta wanke ciwo, wannan aikin nas ne. Zaunar da ni ta yi tana tambaya: wa ke kwana da Inna, masan na tsuguno ne, me ke shigo mana a wata. Ta rubuta takarda aka yi mana rangwame, ta nuna mana hanyar hukumar zakka. Sannan ta kira mazan gidan, ta raba kwanakin jinya da kuɗin magani a rubuce. Yaya ko tari bai yi ba.

Ki karɓi lambarta, ki tambaya ko suna zuwa gida. Ki riƙa juya Mama duk awa 2, kada ki daina kai ta gashin ƙashi a asibiti. Masu zuwa dubiya da jiƙe-jiƙe kuwa, kada ki bari su ɗura mata tana kwance, za ta ƙware. Ke ma ki ci abinci, ni sai da olsa ta kama ni.

Keken guragun Inna, Allah ya jiƙanta, yana nan a zaure. In kina so, ki yi mini magana.